Gidan Ɗantata: Daga Ayarin Gwanja Zuwa Ƙofar Banki

Tun kafin a ga ginin da ake kira banki a ƙasar Hausa ko ta Barno, akwai masu yin aikinsa. Attajirai ne da ake kai wa ajiya, su ba fatake jari, su tsaya wa baƙo a kasuwar da ba a san fuskarsa ba, su sa a biya bashin mutum a garin da ke da nisan tafiyar wata biyu. Babu hukumar da ta ba su takardar izini, sunansu da amanarsu kawai suke ci. A cikin gidajen da suka yi wannan sana'a, gidan Alhassan Ɗantata na Kano ne ya fi daɗewa a tsaye. Mutanen Diffa da na bakin Komadugu suna da rabo a labarin, domin kanwar ƙasarsu tana cikin kayan da aka fara tara wannan dukiya da su.

Kuɗi da amana kafin 1877

A tsakiyar ƙarni na 19 wuri ne kuɗin Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga birnin a 1851, liyari ɗaya na azurfa yana daidai da wuri 2,500. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, wato liyari takwas kacal, amma ɗaukarsa sai ƙato. A Barno kuwa an daɗe ana ciniki da gabaga, ƙyallen saƙi na auduga, sai a zamanin Shehu Umar, wajen ƙarshen shekarun 1840, wuri ya shiga kasuwar Kukawa, kuma sunan wazirinsa Alhaji Bashir ake ambata a kan wannan sauyi. Daga nan sai Turawa 'yan kasuwa suka riƙa jibgo wuri daga gaɓar Zanzibar cikin jiragen ruwa zuwa bakin tekun Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, har ta kai ga kuɗin ɗaukarsa zuwa gari mai nisa yana cinye babban kaso daga cikinsa.

Saboda haka babban ciniki bai yiwuwa da tsabar kuɗi. Falke yakan karɓi kaya bashi daga hannun attajiri, ya tafi ya sayar, ya dawo a yi lissafi. Tun da riba ta ruwa haramun ce, sai a bi hanyar kashi-mu-raba: mai jari ya ba da dukiya, mai tafiya ya ba da ƙafa da wuya, abin da Allah ya kawo a raba yadda aka yi alkawari. A kowane babban zango akwai fatoma, mai masaukin da ke ajiye kayan baƙo, ya nemo masa mai saye ta hannun dillali, ya lamunci bashin, ya ci la'adarsa. Akwai kuma abin da bai kamata a ɓoye ba: bayi ma kuɗi ne a wannan zamani. Da su ake biyan manyan basussuka, kuma su ne masu dakon kaya da noman gandun attajirai da yawa.

Can Amurka ma a wannan ƙarni daga kanti manyan gidajen kuɗi suka taso. Henry Lehman ya buɗe ɗan shago a Montgomery ta jihar Alabama a 1844, ƙannensa biyu suka iske shi, suna karɓar auduga daga manoma a madadin kuɗi, audugar da bayi ne suke noma mafi yawanta. Daga nan suka zama dillalan auduga, daga baya masu banki a New York. George Peabody da sayar da tufafi ya fara kafin ya kafa gidan kuɗi a Landan, wanda a 1864 ya koma hannun Junius Morgan, mahaifin J. P. Morgan. Inda muka bambanta da su shi ne abin da ke faruwa ranar da mai gida ya kwanta dama. Su suna da kamfani a rubuce, mai shi ya mutu kamfanin ya ci gaba. A nan kuwa dukiya takan bi mai ita. Ko magada su raba ta kowa ya kama gabansa, ko fada ta sa hannu. Alhaji Bashir, duk da ƙarfinsa a Kukawa, kashe shi aka yi a 1853 bayan Abdurrahman ya karɓe mulki daga ɗan'uwansa Shehu Umar. A Kano har yau ana ambaton Kundila idan ana misalin arziki, kuma abin da ake faɗa shi ne da ya rasu dukiyarsa fada ta koma. Sunan ya rage, gidan kasuwancin bai rage ba.

Agalawa da hanyar Gwanja

Rukuni uku ne suka riƙe fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a ƙarni na 19: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Na ukun, kamar yadda sunansu ya nuna, asalinsu daga Barno suke jingina shi. Agalawa kuwa daga arewa suka gangaro, daga cikin mutanen da suka zauna ƙarƙashin Abzinawa, suka bazu a karkarar Katsina da Kano, suka zama Hausawa, suka riƙe fatauci a matsayin gadon gida. Suna aurar da 'ya'yansu a tsakaninsu, kuma wannan ba al'ada ce kawai ba, dabarar tsare jari ce. Wanda ka ba bashi surukinka ne ko ɗan ƙanwarka, ba shi da inda zai gudu.

Ayari yakan tashi da rani, ɗaruruwan mutane da jakuna, wani lokaci fiye da dubu, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango. Kayan da suke ɗauka sun haɗa da tufafin Kano da aka rina a karofi, jan fata, gabu, dabbobi, sai uwa uba kanwa. Wannan kanwa daga gabas take zuwa, daga kwarurrukan Mangari da Muniyo, ƙasar da a yau ta haɗa da Maine Sorowa da Gudumariya, da kuma ungurnu da ake haƙowa a gefen tafkin Cadi. Mangawa ke haƙa, a loda wa jakuna da takarkarai zuwa kasuwannin Kano, daga nan fatake su wuce da ita yamma, su ƙetare Kwara, su biya fito da kuɗin hanya ga kowane sarkin da suka ratsa ƙasarsa, har Salaga, babbar kasuwar Gwanja. Can ake musayarta da goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Tafiya da dawowa kan ci rabin shekara ko fiye, kuma goro ɗan lele ne, sai ana buɗe huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya lalace.

Abin da zuriyar ke faɗa game da asalinsu shi ne, wani attajiri da ake kira Baba Talatin ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi, kudu da Kano. Ɗansa Abdullahi ya gaji fataucin Gwanja, ya auri wata mace 'yar kasuwa mai dukiyar kanta, Fatima, wadda aka fi sani da Amarya.

Bebeji, 1877 zuwa 1895

An haifi Alhassan a Bebeji a 1877. An ce ayarin mahaifinsa ya ya da zango ne a garin kan hanyar Gwanja haihuwa ta zo, kuma da Abdullahi ya dawo sai ya bar Madobi ya tare a Bebeji. Lokacin kuwa hanyar ta fara canzawa. A 1874 Ingilishi sun ci Asante da yaƙi sun ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya kwance, kasuwar ta fara ja da baya, goro ya fara neman hanyar teku.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan bai wuce shekara takwas ba. Aka raba gado, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Amarya ta koma Ankara (Accra) ta ci gaba da kasuwancinta, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata, wadda sunanta ya bi yaron har ya zama sunan zuriya. Ya yi karatun allo a Bebeji, yana 'yan sana'o'i don ya ci da kansa kamar sauran almajirai. Ana ba da labari cewa Tata ce ta koya masa jefa abin da ya samu a asusu, kuma wai bai bar wannan hali ba har tsufansa. An kuma ce yana ɗan shekara goma sha biyar ya bi ayari har Ankara wurin mahaifiyarsa yana zaton zai huta, ita kuwa ta miƙa shi ga malami ta ce ya nemi na kansa. Waɗannan labarai ne na baka, daga gida suka fito, kuma kowane gidan arziki yana son a ce kakansa da hannu biyu ya fara. Amma ba su saɓa wa abin da aka sani na halin mutumin daga baya ba.

Abin da ba a jayayya a kansa shi ne basasar Kano. Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi, Aliyu Babba ya karɓi tuta, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895. A shekarar 1893 ɗin ce kuma Rabeh ya rushe Kukawa, don haka gabas da yamma duka hanyoyin kanwa da goro suka rikice lokaci guda. Ruwayar zuriyar ta ce Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, da Yusufawa suka yi nasara aka washe dukiyarsu, aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai da aka yi fansa suka sami kansu. Duk wanda ya ga irin wannan yana saurayi, ba abin mamaki ba ne idan ya tashi yana tsoron tara dukiya a wuri ɗaya, yana kuma lallaɓa duk mai mulkin da ya tarar.

Teku da jirgin ƙasa, 1903 zuwa 1912

Sojojin Ingila sun fasa ganuwar Bebeji a kan hanyarsu, suka ci Kano a farkon Fabrairu 1903. A 1904 aka hana shigo da wuri, sulalla suka fara maye gurbinsa, cinikin bayi a kasuwa ya tsaya. Tsofaffin madugai da yawa ba su farfaɗo daga wannan ba, domin jarinsu a bayi da wuri yake, kuma gwanintarsu ta sanin hanyar daji ce.

Alhassan yana cikin waɗanda suka gane da wuri cewa hanyar jaki ta ƙare. Maimakon ya ratsa Borgu wata da watanni, sai ya riƙa gangarawa Ikko, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara da Sekondi, ya sayi goro ya dawo da shi ta teku. Wanda ke juya jarinsa sau ɗaya a shekara ba zai kamo wanda ke juya shi sau da yawa ba. Ya haɗa da cinikin tsakiya da murjani da tufafin Turai. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sai ya tarar da mutum wanda ya riga ya san Ikko, ya san ma'amala da kamfanonin Turawa, yana kuma da yara a garuruwa da dama.

Gyaɗa, 1912 zuwa 1929

Turawa auduga suka sa rai jirgin zai riƙa kwasowa daga Kano don masaƙun Lankasha. Manoma suka ba su mamaki. Masana'antun Turai suna neman man gyaɗa don yin man shafa wa burodi da sabulu, farashi ya yi kyau, ga haraji da ake nema da tsabar kuɗi. Manomi kuma ya yi lissafinsa: idan kasuwar gyaɗa ta faɗi zai ci abarsa, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. A kakar 1912 zuwa 1913 gyaɗa ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Sai dai Baturen kamfani yana zaune a kanti ne, bai san ƙauye ba, bai san wanda zai ba kuɗi ya dawo ba. Waɗanda suka sani su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo da Alhassan Ɗantata, wanda ya tare a Kano ya gina gida a Sarari, gefen Koki. A 1918 kamfanin Neja ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. A nan ne aikin banki na gidan ya fito sosai. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su rarraba wa ƙananan masu awo a kasuwannin ƙauye, wani lokaci har manomi ya karɓi na gishiri da na haraji tun gyaɗa tana ƙasa. Babu jingina, babu sa hannu a mafi yawan lokuta. Idan yaro ya ci amana an rufe masa ƙofa ke nan a duk inda sunan maigida ya kai, idan ya cika kuwa baɗi a ƙara masa, wata rana a sallame shi da jarin kansa. Tsarin ayari ne aka ɗauko aka ɗora wa sikeli. Zuwa farkon shekarun 1920 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a cikin 'yan kasuwar Kano.

Ba za a ce tsarin ba shi da waɗanda ya cuta ba. Manomin da ya ci kuɗin gyaɗarsa tun da damina ba shi da bakin ciniki ranar awo, kuma kukan da ake yi da masu sikeli tsoho ne. Farashin ma ba a Kano ake yanka shi ba, daga Liverpool yake zuwa. Attajirin gida komai girmansa ɗan tsakiya ne, yana gogayya da Kwarori da irin su Saul Raccah, ɗan kasuwar da ya zo daga Tarabulus, a ƙarƙashin kamfanonin da su ke da jiragen ruwa.

Labarin da ya fi shahara a kansa na shekarar 1929 ne. An ce ya kai raƙuma ashirin ɗauke da sulallan azurfa ya ajiye a bankin Ingila na Afirka ta Yamma da ke Kano, wanda shi ne ya zama First Bank na yau. Ko raƙuman sun cika ashirin ko masu ba da labari sun ƙara gishiri, ma'anar abin a fili take. A lokacin attajirai binne kuɗi suke yi a ɗaka, suna ƙyamar banki saboda riba da kuma tsoron Nasara ya san abin da suka mallaka. Mutumin da kowa ke kai wa ajiya shi ne ya ɗauki tasa ya kai wani wuri.

Daga 1930 zuwa 1955

A 1930 layin dogo ya kai Nguru, sai ƙasar Manga da kwarin Komadugu suka matso kusa da kasuwar Kano fiye da kowane lokaci. Gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi daga ɓangarorin iyaka biyu suka riƙa bin wannan tasha, duk da cewa ɗaya gefen Faransa ke mulki. Shekarun sun zo da karyewar farashi a duniya, ƙananan masu saye da yawa suka nutse da bashi. Alhassan ya tsira domin bai dogara da gyaɗa kaɗai ba, yana cikin goro da shanu da tufafi da filaye da gidaje. Bayan yaƙin duniya na biyu, da gyaɗa ta fi ƙarfin taragun jirgi, aka riƙa jera buhuna ana yin dala, kowace tana ɗaukar buhu kusan 15,000, kuma sunansa ake fara kira idan aka tuna da dalar gyaɗa. Ya yi aikin hajji tun a shekarun 1920, ya kuma biya wa mutane da yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya zauna a majalisar Sarkin Kano, abin da ba a saba gani ba ga wanda ba basarake ba, ba malami ba.

A ganina babban aikinsa shi ne wanda ya yi yana kwance. Da ciwo ya tsananta a 1955, ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa ya yi musu wasiyya kada su wargaza kasuwancin, su ci gaba da shi a dunƙule da sunan Alhassan Ɗantata da 'Ya'yansa. Magada sun sami haƙƙinsu yadda shari'a ta tsara, amma kamfanin bai mutu ba. Abin da bai samu ba ranar da mahaifinsa ya rasu a Bebeji, shi ya tabbatar 'ya'yansa sun samu. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari.

'Ya'ya da jikoki

Cikin 'ya'yansa, Ahmadu ne ya fara riƙe kamfanin, amma bai daɗe ba ya rasu a 1960. Mamuda ya kama wata hanya dabam: a 1948 yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin jigilar alhazai na Afirka ta Yamma, kuma a wurin da kamfanin ya zauna a Fagge ne kasuwar canji ta Wapa ta tsiro. Duk ɗan kasuwar Diffa da ya taɓa sayar da tattasai ko bandar kifi da naira ya nemi mayar da ita sefa ya san yadda farashin Wapa ke taɓa aljihunsa. Sanusi ya yi ƙarfi a gyaɗa da sufuri, ya shahara da ba ƙananan 'yan kasuwa jari irin na mahaifinsa, ya kuma kasance na kusa da Shehu Nasiru Kabara a ɗariƙar Ƙadiriyya. Ya rasu a 1997.

Gyaɗar kanta ba ta kai ƙarshen shekarun 1970 ba. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa shuka a 1975, ga kuɗin man fetur da ya janye hankalin gwamnati, suka share dala daga Kano. Gidan ya riga ya juya zuwa gine-gine, sufuri, masana'antu da mai. 'Yar Sanusi, Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ya tashi a gidan kakansa, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga dangin uwa. Jari ne na gida, irin wanda Agalawa ke ba ɗan 'yar'uwa, sai dai wannan karon ya kai ga siminti da sukari da matatar man da aka ƙaddamar a Lekki a 2023. Gidan Lehman kuwa, da ya fara da auduga, ya rushe a 2008.

Aminu ɗan Alhassan, wanda aka haifa a 1931, shi ya karɓi ragamar kamfanin bayan Ahmadu, ya kuma yi kwamishina a jihar Kano zamanin Audu Baƙo. Yana cikin attajiran da suka zuba jari aka kafa Jaiz, bankin farko a Nijeriya da ke aiki ba da riba ta ruwa ba, wanda ya buɗe ƙofa a 2012 da rassa uku a Abuja, Kaduna da Kano, kuma kashi-mu-raba na cikin hanyoyin cinikin da irin wannan banki ya ginu a kai. Alhaji Aminu ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni 2025 yana da shekara 94, aka kai shi Madina aka binne.